Yadda Za A Sa Rediyon Oba-Oba Na Mota Ya Kai Nesa

'Yan'uwa manoma, ba mu manta ba da watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan wayar hannu a duk Jihar Zamfara saboda aikin tsaro. Aka yi makonni motar ƙungiya in ta tashi daga Zurmi da buhunan gero ko wake, ta nufi Kauran Namoda ko Shinkafi, ba mai sanin halin da take ciki sai ta dawo. Wannan ya sa ake ta tambayarmu game da rediyon oba-oba da ake ɗaura wa mota, wanda ake kira CB. Shi ba ya bukatar turken kamfanin waya, magana tana tashi daga wannan rediyo ta faɗa wancan kai tsaye.

A Amurka aka buɗe wa jama'a tashoshin CB da ake amfani da su yanzu, a 1958, tashoshi 23. Direbobin manyan motoci suka rungume shi lokacin wahalar mai ta 1973, a 1977 kuma aka ƙara tashoshin suka zama 40. Ƙarfinsa kaɗan ne, wat 4 kawai. In an ɗaura shi da kyau, a fili yakan kai kamar kilomita 10 zuwa 15. In an ɗaura shi da ganganci, ko bayan gari ba zai kai ba. Tun da ƙarfin ba yawa, dabara ita ce kada a bar ko kaɗan ya zube a hanya.

Kafin kome, sai an nemi izini. Dokar ƙasa ta hana amfani da na'urar aika magana ta iska ba tare da lasisi ba. Shugabannin ƙungiya su fara neman takarda daga hukumomin sadarwa, su kuma sanar da jami'an tsaro na yankinsu. A halin da muke ciki, wanda aka tare a hanya da oba-oba ba takarda ya jawo wa kansa tuhuma.

1. Eriya

Eriya ita ce baki, ita ce kuma kunnen rediyo. Gara a sayi rediyo mai araha da eriya mai kyau, da a sayi mai tsada a ɗaura masa guntuwar eriya. Maganar CB tana tafiya a iska kamar igiyar ruwa, kowace igiya tsawonta wajen mita 11. Eriyar da ta fi dacewa ita ce mai rubu'in wannan tsawo, wato mita 2.7, kusan ƙafa 9. Akwai gajeru da aka naɗe waya a gindinsu ko a tsakiyarsu don su cike tsawon, amma yawan gajarta, yawan hasara. A sayi mafi tsawon da mota za ta iya ɗauka. Sai dai direba ya lura da rassan itatuwa, musamman kuma wayar lantarki da ta yi ƙasa, gama in eriya ta taɓa ta akwai hatsarin rai.

2. Wurin ɗaurawa

Eriyar da muke gani rabi ce kawai, ɗaya rabin kuwa jikin motar ne. Saboda haka wurin da ya fi shi ne tsakiyar rufin ƙarfe, inda magana za ta bazu ko'ina daidai. In an ɗaura a gefe, ƙarfin yakan karkata wajen da ƙarfen mota ya fi yawa. A kan a-kori-kura, kada a ɓoye eriya a bayan kan mota, ko a tsakanin ƙarafan da ake ɗaure kaya. Yawancin tsawonta ya ɗara rufi.

Ƙarfen da ke riƙe da eriya tilas ya taɓa ainihin ƙarfen mota. A kankare fenti da tsatsa a wurin har ya yi ƙyalli, a ɗaure noti tamau, sa'an nan a shafa giris a kai don kada ruwan damina ya shiga.

3. Wayar eriya

Wayar da ke haɗa rediyo da eriya ta musamman ce, mai om 50. Ta talabijin ba ta dace ba, ko da sun yi kama. Kada ƙofa ta matse ta, kada a tanƙwara ta, kada kuma ta bi kusa da salansa. Gargadar hanya tana kwance mahaɗi, ƙurar hunturu kuma tana shiga ciki, don haka a riƙa dubawa kowane wata.

4. Daidaita eriya

In tsawon eriya bai yi daidai ba, wani kashi na ƙarfin yakan komo cikin rediyo, ya zafafa shi, har ya iya ƙona shi. Akwai ƙaramin ma'auni da ake kira SWR mai nuna wannan. Ƙungiyoyi biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya.

A kai mota fili, nesa da gini da itatuwa, a rufe ƙofofi. A auna a tasha ta 1, a sake aunawa a tasha ta 40. In lambar ta 40 ta fi girma, eriya ta yi tsawo, a rage ta. In ta 1 ce ta fi, ta yi gajarta, a ƙara. Kaɗan kaɗan ake yi, kamar rubu'in inci, ana sake aunawa, gama abin da aka yanke ba ya komawa. Lamba 1.5 ko ƙasa ta yi kyau, 2 ba laifi. In ta kai 3 a daina magana, a nemo inda cutar take. Kada a taɓa danna abin magana in ba a haɗa eriya ba.

5. Wuta da ƙara

A jawo wuta kai tsaye daga batir, a sa fis kusa da batir ɗin. In ana jin ƙara tana ƙaruwa da taka totur, injin ne. Mai "tas-tas-tas" daga fulogi take, mai kama da fito kuwa daga dinamo mai cajin batir. Makaniki yana iya sa fulogi masu hana ƙara, ko ya sa matacin ƙara a wayar wuta. Maɓallin da aka rubuta wa SQL kuma, a murɗa shi daidai inda shuuu ta ɗauke, a tsaya nan. In an zarce, ba za a ji na nesa ba.

Kada a yarda da masu tallar akwatin ƙara ƙarfi. Yana damun sauran tashoshi, yana iya saɓa wa lasisi, ba ya kuma ƙara wa rediyo ji. Me za a yi da baki mai ƙarfi in kunne bai ji amsa ba? In magana ta ƙi kai, a hau tudu a sake kira. Doguwar eriya a kan rufin ofishin ƙungiya ita ma tana ƙara nisa ƙwarai.

Abu na ƙarshe, CB ba shi da asiri. Duk mai irin rediyon yana jin abin da kuka faɗa, na kirki da mugu. Kada a ambaci kuɗi, ko irin kayan da aka ɗauko, ko lokacin tashi, ko hanyar da za a bi. A shirya kalmomi tun a gida tsakanin direba da sakatare, a kuma sa lokutan kira. In lokaci ya wuce ba a ji direba ba, na gida sun san sai su tashi su bincika tun rana ba ta faɗi ba.