Motar Hannu: Abin da Ƙaramin Dila Ya Sani Kuma Mai Saye Bai Sani Ba

A gefen manyan titunan Kano da Kaduna ba a rasa fili mai shingen waya, da motoci goma ko sha biyar a jere, an wanke su tas. Da yawa daga cikinsu ba na mai filin ba ne. Masu su ne suka kawo ajiya, in an sayar ya cire la'adarsa, dillalin da ya jawo mai saye shi ma ya karɓi kamasho.

A da, ƙaramin dila da kansa yake zuwa Kwatano ya ɗauko 'yar Beljiyam, wato tokumbo, motar da aka hau a ƙasar waje. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai dai ta tashoshin ruwa irin su Tin Can a Legas. A 2022 hukumar kwastam ta koma ƙididdige kuɗin fito da lambar shasi. Sai kuma darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023: dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai ƙaramin jari ya kasa sauke tokumbo ko biyu, dole ya koma kan motocin da aka riga aka hau a cikin gida. Cire tallafin fetur kuma ya sa masu manyan injuna suka yi ta kawo nasu, masu saye kuwa Corolla suke tambaya.

A nan ne maganar amana take tasowa, domin dila ya san abin da mai saye bai sani ba. Mota ta sha hatsari, an buga ta an yi fenti, sai a ce "ko ƙwarzane babu". Ana mayar da mitar tafiya baya. Wadda ta fi ban tsoro ita ce motar da ambaliya ta shanye a Amurka, kamfanin inshora ya biya mai ita, aka yi gwanjonta a kamfanin gwanjo irin su Copart ko IAA. Tana tashi lafiya ranar ciniki, amma tsatsa na cin wayoyinta a hankali, bayan wasu watanni lantarki ya fara rikicewa. Ina ganin wannan zalunci ne tsagwaronsa, domin mai sayen sau da yawa ma'aikaci ne da ya yi shekaru yana tara kuɗi. A fiƙihu ma ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye na da damar mayar da ita.

Amma mai saye na iya kare kansa. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba. In motar daga Amurka take, rahoton Carfax kan nuna hatsarin da aka rubuta mata da nisan tafiyarta. A gwada lambar da ta takardun kwastam, don motar da ba a biya mata fito ba ana iya ƙwace ta a hanya, ko hannu nawa ta zaga. A je da bakanike na kai, ba wanda dila ya kira ba, ya ɗaga kafet ya shinshina, ya sa na'urar bincike, a kuma tayar da injin yana sanyi. Dilan da ya yarda da hajarsa shi zai miƙa makulli ya ce, "Alhaji, kai ta gareji a duba."