Dila, Makiyayi da Dokar Daji a Ƙasar Dakoro

A arewa da garin Dakoro na Nijar, inda gonakin hatsi suke ƙarewa filin kiwo ya fara, akwai gandun dajin Gadabeji, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta Faransa ta keɓe a shekarar 1955 a kan fili mai faɗin hekta 76,000, ta kuma haramta farauta a cikinsa baki ɗaya domin kare namun daji irin su mariri da barewa da jimina. Haramcin bai hana mariri ɓacewa ba, haka ma raƙumin dawa, wanda fari da harbi suka kawar daga yankin, sai a watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko guda takwas daga Kure, kusa da Yamai, aka kawo su cikin mota. Shekara ɗaya kafin nan hukumar UNESCO ta sanya Gadabeji cikin wuraren da ake son kare halittu ba tare da an kori mazauna ba.

Ɗaya daga cikin dabbobin da suka fi damun makiyayan wannan yanki, Fulani da Buzaye, shi ne dila, kuma ba kasafai ake ambatonsa a bukukuwan kare muhalli ba. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa dilan nan mai ruwan ƙasa na Sahel jinsi ne mai zaman kansa, wanda ya fi kusa da kyarkecin Turai da Amurka fiye da dilan Asiya. Ga mai garke kuwa, abin da ya sani shi ne dila yana zagaya ruga da dare, ya nemi kafar da shingen ƙaya ya yi sako-sako, ya ɗauke ɗan akuya ko ɗan tunkiyar da aka haifa jiya, kuma asarar tana kan mai dabba shi kaɗai.

Tun kafin zuwan Turawa daji yana da masu shi. Sarkin dawa da sarkin baka su ne ke tsayar da ranar farauta, su raba nama, su kuma fita idan kura ta addabi gari. Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, ta tabbatar da wannan iko a hannun gwamnatin tsakiya da ma'aikatan gandun daji: ta ware dabbobin da ba a taɓawa sam, ta ware waɗanda ake harbi da izini, ta hana amfani da guba da wuta da mota wajen farauta, sannan ta tanadi takardar izinin farautar gargajiya. Wato abin da maharbi ya gada daga kakanninsa ya koma abin da yake roƙo a ofis, kuma a nan ne doka da al'ada suka fi saɓawa.

Makiyayin da ba ya ganin amfanin kai ƙara yakan zuba guba a mushe ya bar shi a bakin daji, dabarar da ta bazu tun lokacin da ma'aikatan dabbobi na zamanin mulkin mallaka suka riƙa kashe kuraye da diloli da ita. Guba ba ta zaɓe: dila zai ci, yanyawa ta ci, karen ruga ya ci, ungulaye su sauko gungu guda su mutu tare, alhali su ne ke share mushe kafin cuta ta yaɗu a cikin garke. A zahiri, hukuncin da ake yanke wa namun dajin Gadabeji a bakin rijiya ya fi wanda ake rubutawa a Yamai tasiri.

Amurka ta yi shekaru tana irin wannan gardama a kan kyarkeci, sai dai can masu ja-in-ja uku ne: gwamnatin tarayya, jihohi, da ƙabilun asali. An sanya kyarkeci ƙarƙashin kariyar tarayya a 1974, aka sake shi a gandun Yellowstone a 1995, aka janye kariyar a farkon 2021. Nan take jihar Wisconsin ta buɗe farauta, mafarauta suka kashe 218 cikin kwana uku, alhali 119 aka ba su. Ƙabilar Ojibwe, wadda yarjejeniyoyin 1837 da 1842 suka tabbatar mata da haƙƙin farauta a yankin, ta karɓi nata kason ne don kada a kashe shi, saboda tana ɗaukar kyarkeci ɗan'uwa. A Fabrairun 2022 wata kotun tarayya ta mayar da kariyar a mafi yawan jihohi. Nijar ba ta da jihohi masu kafa dokar farauta tasu, don haka makiyayin Dakoro da maharbinta ba su da wata majalisa ta kusa da za ta sauya musu dokar 1998, sai dai sasantawa da ma'aikacin gandun daji da sarkin gargajiya.