Ginin Ƙasa da Kalmar "Zamani": Daga Masallacin Yama zuwa Dandaji

Wanda ya taso daga Bazaga ya biyo ta Birnin Ƙonni, ya kai mararrabar Tsarnawa ya karkata arewa ya nufi Tawa, ba zai rasa ganin abu guda a kusan kowane gari ba: ɗakin ƙasa a gefe ya fara zaizayewa, kusa da shi kuma an ɗora sabon gini na bulo da siminti, an rufe shi da kwano. Idan aka tambayi mai gidan, amsarsa gajera ce, ya yi ginin zamani. Simintin ma ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin tun shekarun 1960 ake sarrafa shi a masana'antar Malbaza. Sai dai a cikin gundumar Illela da wannan hanya ke ratsawa (Illelar jihar Tawa ake nufi, ba takwararta ta jihar Sakkwato da ke fuskantar Ƙonni a tsallaken iyaka ba) akwai gine-gine biyu da masana fasalin gini na duniya ke nazari a kansu, suna lissafa su cikin fitattun ayyukan wannan zamani. Dukansu biyu da ƙasa aka yi su. Ke nan kalma ɗaya tana nuni ga abubuwa biyu masu karo da juna, kuma irin wannan karo abin sha'awa ne ga mai nazarin harshe.

Kalmar "zamani" Hausa ta aro ta daga Larabci, kuma ma'anarta ta farko lokaci ce kawai, kamar yadda ake cewa zamanin Shehu ko zamanin Turawa. Daga baya ta ɗauki wani nauyi: "na zamani" ya zama abin da ya zo tare da boko da mota da lantarki, aka kuma kafa masa kishiya, wato "na gargajiya". Da zarar an raba kayan duniya gida biyu haka, ba sai an yi dogon tunani ba kafin a san ɓangaren da yumɓu zai faɗa. Akwai wata kalmar da ta fi dacewa da yawancin abin da ake kira na zamani, ita ce "yayi", wato abin da ya shigo kasuwa aka yi rububinsa, ya kuma wuce. Launin fenti da ƙirar ƙofar ƙarfe da irin tayil ɗin da ake mannawa a fuskar gida duk yayi ne. Hausa ta bambanta kalmomin biyu sarai, masu magana ne ke cakuɗa su.

Faransanci, harshen da aka daɗe ana rubuta takardun hukuma da shi a Nijar, ya ƙara wa wannan rabo kauri. A cikinsa ginin siminti shi ne gini "en dur", wato mai tauri, ginin ƙasa kuwa "banco". Idan aka zo batun ajin makaranta ko ɗakin shan magani sai a ji ana maganar "matériaux définitifs", ma'ana kayan gini na dindindin. Duk wanda ya kira siminti na dindindin ya riga ya yanke wa ƙasa hukuncin wucin gadi ko da bai furta ba. Hasumiyar masallacin Agadas, wadda asalinta ke komawa ƙarni na 16, da ƙasa aka gina ta, kuma tana nan tsaye, alhali ajujuwan siminti nawa ne suka tsage kafin ɗaliban da suka fara zama a cikinsu su gama firamare.

Ginin farko daga cikin biyun shi ne masallacin Juma'a na Yama, wani gari a ƙasar Badagishiri. A shekarar 1962 dattawan garin suka ɗora aikin a kan wani magini, wanda kuma manomi ne, mai suna Falke Barmu. Da farko gini ne mai sauƙin fasali, ɗaki mai kusurwa huɗu da ginshiƙai a ciki. Mutanen gari ne suka yi aikin da hannunsu, wasu na buga tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. A 1975, da aka zo gyaran rufin, sai maginin ya sake shi gaba ɗaya, ya ɗora shi a kan bakuna, ya tayar da ƙubba a tsakiya. Tsakanin 1978 da 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta yi kama da ƴar uwarta. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin fasalin gini a duniya.

Abin lura a nan shi ne hasumiyoyin nan huɗu. Da Falke Barmu mai maimaita abin da ya gada ne kurum, da ya yi su iri ɗaya, ko ma ya tsaya ga guda. Kowace ya ba ta nata tsayi da nata ado, kamar mai gwada iyakar abin da yumɓu zai iya ɗauka. Aikin da aka shekara ashirin ana sauya masa kama, wanda aka kammala a lokacin da simintin Malbaza ya riga ya cika kasuwa, da wuya a kira shi na gargajiya ba tare da an tauye shi ba. Hausa na da sunan irin wannan mutum tun da daɗewa: gwani. Da shi aka san Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma shi ma a lokacinsa sabon abu ya kawo.

Sana'ar da waɗannan gwanaye suka riƙe tana da nata rumbun kalmomi, kuma a nan ne ɗalibin harshe zai fi samun abin yi. Tubali shi ne curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Azara ita ce tsagin giginya da ake jerawa a rufi, an zaɓe ta ne domin gara ba ta cika cin ta ba. Makuba ana samun ta daga ɓawon ɗorawa, a kwaɓa da ƙasa a shafe bango don ruwa ya riƙa zamewa. Katsi kuwa guggubin da ke kwantawa ne a gindin karofi, wanda ake haɗawa cikin laso, abin da ke nuna yadda marina da magina suka dogara da juna. Indararo shi ke fitar da ruwan sama daga kan soro.

Sunayen siffofi sun fi waɗannan armashi, domin kusan dukansu aro ne daga wani fage. Bakan da ke ɗauke da rufi ana ce masa bakan gizo, sunan da aka ba wancan baka mai launuka da ke fitowa a sama lokacin damina, wanda shi kansa an jingina shi ga Gizo na tatsuniya. Inda bakuna suka gitta juna suka haɗu a tsakiyar rufi ana kiransa ɗaurin guga, saboda wanda ya ɗaga kai zai ga irin yadda ake gitta itace a bakin gugar rijiya. Tsinin da ke kusurwar soro shi ne zanko, kalmar da ke nufin tukkun kan zakara da kuma wani irin askin yara. Magini ya kalli sama da rijiya da kan zakara ya samo sunayen aikinsa. Idan aka jera waɗannan kusa da kalmomin sabon gini, wato siminti da bulo da rodi da fenti da silin, za a ga bambancin hanya. Na biyun duk an aro su ne da sautinsu daga Ingilishi aka gyara su su dace da bakin Bahaushe.  Aro ba laifi ba ne, kowane harshe na yin sa. Damuwar ita ce idan aka daina tayar da baka, ba za a daɗe ba yaro zai san bakan gizo na sama kaɗai.

Gini na biyu yana Dandaji, kuma an kammala shi a 2018. Masallacin ƙasa na garin ya tsufa, jama'a kuma ta yi masa yawa, har aka fara tunanin rushe shi a gina na siminti. Masu zana gini biyu, Mariam Issoufou Kamara ta Nijar da Yasaman Esmaili ta Iran, suka kawo wata shawara: a bar tsohon masallacin a gyara shi ya koma ɗakin karatu, a gina sabo a kusa da shi wanda zai ɗauki mutum kamar 1,000. Aka gayyato maginan da suka yi aikin tsohon ginin suka shiga cikin ma'aikata. Da yake itace ya yi ƙaranci a yankin, sai aka yi amfani da ƙarfe wajen matakala da wuraren zaman masu karatu a cikin tsohon ginin. Sabon masallacin kuwa an gina shi da wani irin tubali da ake yi da jar ƙasar wurin, a ɗan sa mata siminti kaɗan, a matse ta a cikin inji ta fito da kusurwoyi daidai kamar bulo. An raɗa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, inda aka haɗa ilimin addini da na duniya a inuwa guda. Aikin ya sami lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim a ɓangaren Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, sannan ta azurfa a matakin duniya a 2018. Akwai abin murmushi a nan, ganin cewa gidauniyar ta wani babban kamfanin siminti ce.

Dalilin komawa ga ƙasa ba ƙaunar tsohon abu ba ce kawai. Bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakin sa sai dare ya yi, don haka cikin ɗaki ke zama da sanyi da tsakar rana. Kwano kuwa da rana ta take yake mayar da ɗaki tanda, kuma duk wanda ya taɓa yin azumi a watan Afrilu a ƙarƙashinsa ba ya bukatar a yi masa bayani. A ƙauyen da lantarki bai wadata ba, wannan bambanci ya shafi lafiyar tsoho da barcin jariri. Amma wanda ya rushe ɗakin ƙasarsa shi ma yana da hujja. Ginin ƙasa na son yaɓe a kai a kai, ruwa mai ƙarfi na iya kayar da shi a dare ɗaya, kuma samarin da a da ake tarawa gayya sun tafi ci-rani. Tubalin da aka matse da inji yunƙuri ne na amsa wannan ƙorafi, domin ya fi jure ruwa, bai kuma rasa sanyin ƙasa ba.

Sunan da Mariam Issoufou ta fara ba ofishinta na Yamai a 2014 shi ma abin dubawa ne: Masomi. An gina kalmar daga aikatau "soma" da ɗafa-goshi "ma-" da ɗafa-ƙeya "-i", tsarin da ya ba da mazauni daga zauna da mashigi daga shiga. Masomi shi ne inda abu ya fara. Zaɓin wannan suna ga ofishin da ke zana sababbin gine-gine ya kauce wa rabon nan na zamani da gargajiya baki ɗaya, domin masomi na iya zama tushen da aka fito, yana kuma iya zama farkon abin da ba a taɓa yi ba.

Saura sunan sabon tubalin. Masana a ƙasashen da ke amfani da Faransanci suna taƙaita shi da haruffa uku, BTC, waɗanda ba su gaya wa Bahaushe komai. Idan aka ce "bulon ƙasa", an ba siminti matsayin asali, ƙasa ta zama mai kwaikwayo. Idan aka ce "tubalin inji", an riƙe tsohuwar kalma an nuna abin da ya sauya, ko da yake tubali a kunnen magini mulmulalle ne, ba mai kusurwa ba. "Jan bulo" kuwa an riga an ba tubalin da aka gasa. Wanda zai yi rinjaye ba a aji za a yanke shi ba, a bakin magina da masu sayen gini zai fito, kuma sunan na iya shafar karɓuwar abin. Mutumin da ya yi shekaru yana tara kuɗi don ya fita daga "gidan ƙasa" zai saurari sunan da kyau kafin ya sayi tubalin.

Mai son tattara waɗannan kalmomi a ƙasar Ƙonni da Adar sai ya yi hattara da abu ɗaya. Yawancin sunayen da suka shiga littattafai an ɗauko su ne daga bakin maginan Kano da Zariya. Maginin Bazaga ko na Badagishiri yana magana da karin harshen yamma, inda "f" ke komawa "hw" a gaban wasalin "a", madanganci na mace kuma ke narkewa cikin baƙin da ke biye da shi, ta yadda farar ƙasa za ta fito kamar "hwaraƙ ƙasa". Ya kamata a rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, a kuma nemi ya nuna da yatsa wane sashe na ginin yake nufi, domin kalma ɗaya na iya zama sunan baka a wani gari, ta zama sunan adon bango a wani. Wasu daga cikin waɗanda suka koyi aiki a zamanin da ake tayar da hasumiyoyin Yama yanzu sun manyanta ƙwarai.