Shin Ko Kun San? Likitan Fatar da Ke Cikin Wayarku

Shin ko kun san cewa ɗan hannun nan mai ɗaga babban yatsa da kuke turawa a WhatsApp, daga asibiti launinsa ya samo asali? Launuka biyar da aka ƙara wa emoji a 2015, an ɗauko su ne daga ma'aunin fata na Dakta Thomas Fitzpatrick, Ba'amurken da ya shugabanci sashen cututtukan fata na Jami'ar Harvard daga 1959 zuwa 1987.

A 1975 ya fito da ma'aunin, lokacin yana jinyar masu soriyasis, cutar da ke sa fata kauri da saɓa. Majinyaci zai sha magani, sannan a haska shi da fitilar ultrabayolet. Wani ya samu sauƙi, wani ya ƙone. Sai likitan ya koma yin tambaya: in ka sha rana, fatarka ƙonewa take yi ko duhu? Da amsar ake auna hasken da za a ba mutum.

Rukuni huɗu ya fara da su, duk na farar fata. Na biyar da na shida daga baya aka liƙa su. Ke nan wankan tarwaɗa da baƙi wuluk, da ɗimbin mutanen Indiya, duk an cusa mu a ɗaki biyu. Likitoci na sukar wannan har gobe, kuma da gaskiyarsu.

Shin ko kun san baƙar fata ma na kamuwa da melanoma, sankarar fata mafi saurin kisa? Sai dai a wurinmu ta fi ɓuya inda rana ba ta cika dukan mutum ba: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Ita aka gano a babban yatsan ƙafar Bob Marley a 1977, bayan an zaci raunin ƙwallo ne. Ya rasu a watan Mayun 1981 yana da shekara 36.

Tsohon gyambo ko tabon ƙuna ma kan rikiɗe ya zama sankara bayan shekaru masu yawa. Da sunan Marjolin, likitan Faransa da ya yi rubutu a kan irin wannan miki a 1828, ake kiransa. Gyambon da ya ƙi warkewa, bakinsa ya yi tudu, yana zubar da jini, ya wuce mai magani a gonar yaro. Sai an yanki ɗan nama an auna.

Zabiya kuwa rana ce ke yi masa illa kai tsaye, don fatarsa ba ta da isasshen melanin, sinadarin da ke tare zafin haskenta. A garin Moshi na Tanzaniya, cibiyar horar da jami'an lafiyar fata da aka buɗe a 1992 tana haɗa man kariya daga rana mai suna Kilisun, ana raba wa zabiya kyauta.