Ciniki Ta Waya, Ba Kaya A Hannu: Sabon Dillanci A Damagaram

Wani irin ciniki ya shigo ƙasar Damagaram tare da wayar salula. Mai yin sa ba shi da rumfa a kasuwar Dole. Ba shi da shago, ba shi da buhu ko ɗaya a ɗaki. Yana zuwa wurin baduku, ya ɗauki hoton takalmi da wayarsa. Ya sa hoton a WhatsApp ko Facebook, ya rubuta kuɗinsa. Wani mutum a Yamai ko Agadas ya gani, ya ce yana so. Ya aiko da kuɗi. Sai mai waya ya biya baduku, baduku ya naɗe takalmi ya kai tashar mota. Kaya sun tafi wurin mai saye, ba su kwana gidan mai waya ba.

Wannan shi ne ciniki ba kaya a hannu. Ya kamata manoma da makiyaya su san shi, don kayansu ne ake talla: fata, kilishi, cuku, man shanu, tabarma, kanwa.

Abin ba baƙo ba ne

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, Damagaram babbar mahaɗar ayari ce. Fatake suna sauka a unguwar Zango. Daga nan raƙuma suke ɗaukar jemammiyar fata da gashin jimina. Su bi ta Agadas, su ratsa hamada, har Tarabulus a bakin teku. Tafiyar wata da watanni ce. Attajiri kamar Malam Yaro ba ya bin kowane ayari da ƙafarsa. Yana da wakilai. Ana aika wasiƙa, ana aika kaya, ana jiran kuɗi. Mai masauki yana tsaya wa baƙonsa. Dillali yana haɗa mai kaya da mai saye, ya karɓi la'adarsa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar ayari ta mutu. Amma dillanci bai mutu ba. Kowane makiyayi ya san dillalin kara. Ba shi da sa ko ɗaya, amma ta hannunsa ake sayar da shanu. Mai ciniki ta waya ɗan'uwansa ne. Bambancin ɗaya ne: a kara, mai saye yana ganin dabba, yana taɓa ta. A waya, hoto kawai yake gani.

A wasu ƙasashe abin ya yi nisa. An buɗe kasuwar intanet ta AliExpress a ƙasar Sin a 2010. Mutum yana zaune a Faransa ko Amurka, yana tallar kayan da ke Sin. In an saya, masu kaya su aika kai tsaye. Masu cin riba a wannan sana'a sukan zaɓi kaya iri guda, wanda ba a samu ko'ina, su tsaya a kansa. Nan Damagaram take da abin faɗi. Aikin dukawanta sananne ne tun kaka da kakanni.

Mutum huɗu, amana ɗaya

Ciniki ɗaya yana bi ta hannu huɗu. Na farko mai kaya: baduku, ko mahauci, ko matar da ke yin cuku. Na biyu mai waya. Na uku mai mota, wanda zai ɗauki saƙo. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Na huɗu mai saye. Kuɗi kuma suna biyowa ta gidajen aika kuɗi kamar Nita da Al Izza, ko ta cikin wayar kanta.

In ɗaya daga cikin huɗun ya karya alkawari, sauran ukun sun yi asara. Mai waya bai sa jari a kaya ba. Jarinsa sunansa ne. Ranar da ya aika abin da bai yi daidai da hoto ba, labari zai bazu ta cikin wayar da yake talla da ita.

Ga lissafi

Wannan misali ne kawai, don a ga yadda riba take. Baduku ya sayar da takalmi jika 4. Mai waya ya sa shi jika 7. Kuɗin mota jika 1. Kuɗin aika kuɗi da na intanet rabin jika. Abin da ya rage wa mai waya jika 1 da rabi.

To, a ce takalmi bai shiga ƙafar mai saye ba, ya maido shi. Kuɗin mota zuwa da dawowa jika 2 sun tafi. A ce kuma saƙon ya ɓace a hanya. An yi asarar jika 4 na takalmi da jika 1 na mota, jika 5 ke nan. Ribar takalmi 3 ba ta toshe wannan rami ba. Saboda haka mai hankali yana tambayar lambar ƙafa tun kafin a yanka fata. Yana kuma karɓar takardar shaida a tasha, ya ɗauki hotonta ya aika wa mai saye.

Wane kaya ya dace?

Ba kowane kaya ne ke jure hanya ba. Kayan da suka dace su ne marasa nauyi, masu daraja, waɗanda ba su lalacewa da sauri. Takalmi, jakar fata, kube, linzami da kayan doki, duk suna tafiya lafiya. Kilishi da cuku suna kai wa, in sun bushe sosai kuma an naɗe su da tsabta. Man shanu yana narkewa da zafin bazara, sai an rufe shi ƙwarai. Rake da tumatir kuwa nauyinsu ya fi kuɗinsu. Mota za ta cinye ribar.

Ƙetare iyaka wata magana ce dabam. Kano ta fi Yamai kusa da Damagaram nesa ba kusa ba. Amma akwai duwan, akwai canjin sefa da naira. Kuma iyaka tana iya rufewa. Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. An sake rufewa a 2023. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a irin wannan lokaci, kaya suka tsaya, shi za a bi bashi.

Abin da malamai suka ce

Malamai sun san hadisi ya hana mutum ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Amma shari'a ta bar ƙofa. Mai kaya yana iya naɗa mutum wakilinsa, a yanka masa la'ada sananniya. Akwai kuma cinikin da ake kira salam. A nan ana biyan kuɗi duka tun farko, a faɗi irin kayan, da yawansu, da ranar da za a ba da su. Mai son shiga sana'ar ya fara zama da mai kaya su daidaita, ya kuma tambayi malamin garinsu. Ɗaukar hoton kayan wani a sa a waya ba da saninsa ba, wannan hanyar rigima ce.

Mai kaya ya kula da kansa

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Mai saye yana tsoron ya biya bai ga kaya ba. Mai kaya ma yana da nasa tsoron. Ga abin da zai tsare shi:

1. Kada kaya su bar hannunsa sai kuɗi sun shigo. Hoton takardar biya ba kuɗi ba ne. Ana iya yin na ƙarya. Ya ga kuɗin a hannunsa ko a cikin wayarsa.
2. Kada ya faɗa wa kowa lambar sirri ta asusunsa, ko da mai kira ya ce daga kamfani yake.
3. A daidaita tun farko: in kaya sun ɓace ko an maido su, wa zai biya?
4. Ya tambayi nawa ake sayar da kayansa a can. Wanda bai san kuɗin Yamai ba, za a saye masa da araha.
5. Ya yi aiki da wanda aka san gidansu, a gaban shaida.

Mutum ɗaya ba ya iya cika saƙo mai yawa. In mata 10 masu cuku sun haɗa kai, ko dukawan unguwa ɗaya, magana tasu za ta yi nauyi. Su zaɓi ɗa ko ɗiya daga cikinsu mai iya waya. Su yanka masa la'ada. Ta haka ribar za ta tsaya a gari.

Alƙalami ya fi waya

Duk wannan ciniki a kan rubutu yake tafiya. Sunan mai saye rubutu ne. Lambar waya rubutu ce. Saƙon da ke nuna kuɗi sun shigo, shi ma sai an karanta. Wanda bai iya karatu ba dole ya miƙa wayarsa ga wani, ya amince da abin da aka faɗa masa.

Manomin da ya yi makarantar yaƙi da jahilci ya riga ya sami rabin jari. Ya sayi littafi ɗaya. Ya ja layi biyar: rana, suna, kaya, kuɗin da aka biya, kuɗin da ya rage. Kowane saƙo ya shiga ciki kafin ya tafi tasha. Waya tana faɗawa ruwa, tana ɓacewa, cajinta yana ƙarewa. Ranar da gardama ta tashi gaban mai gari, littafin nan za a buɗe.