Hannun da Ya Shanye da Niyyar da Ba Ta Mutu Ba



Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san wannan hali: dattijo zaune a tabarma, ƙwaryar fura a gabansa, idonsa a kan ludayi, amma yatsun sun dunƙule, hannun ya ƙi tashi daga cinya. A nan ne dangi kan ce ai hannun ya mutu. Ni kuwa ina ganin an yi gaggawar yanke hukunci, hujjata kuma ita ce wata fasaha da ke haɗa ƙwaƙwalwa da kwamfuta kai tsaye. Da ɗan ƙaramin lantarki ƙwaƙwalwa ke aika saƙo, wanda likitan Jamus Hans Berger ya fara aunawa a kan ɗan Adam a 1924. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ka, hanyar saƙon ce ke yankewa, niyyar motsin kuwa sau da yawa tana nan. A wannan fasaha, sai a sa wa majinyaci hula mai wayoyi, a ɗaura masa na'ura a hannu. Da zarar ya ƙudurta buɗe yatsu, hular ta ɗauki alamar, kwamfuta ta gane, na'urar ta buɗe su nan take. Ido ya gani, fata ta ji, ƙwaƙwalwa ta sami amsar aikenta. In aka yi ta maimaitawa, sai ta fara fitar da sabuwar hanya, kamar yadda sawun jama'a ke fitar da turba idan ruwa ya cinye tsohuwar.

Ba zancen fatar baki ba ne. A 2013 masu bincike a Jami'ar Tübingen ta Jamus, cikinsu har da Niels Birbaumer, sun bayyana gwajin da suka yi da mutum 32 da suka daɗe da shanyewa, ba sa ko iya miƙe yatsu. An raba su gida biyu: wasu na'urar tana bin niyyarsu, wasu kuma tana motsa hannun ba tare da ta dace da niyyar ba, dukkansu kuma ana yi musu gashi. Waɗanda motsin ya dace da niyyarsu su ne suka fi samun sauƙi. Sauƙin kaɗan ne, gaskiya ɗaya ce, amma ya zo wa mutanen da aka riga aka fidda rai da hannunsu. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan na'ura mai suna IpsiHand. A 2023 kuma, a Lausanne ta Suwizalan, Grégoire Courtine da likitar tiyata Jocelyne Bloch sun bayyana yadda suka haɗa ƙwaƙwalwar Gert-Jan Oskam, wanda haɗarin keke ya nakasa tun 2011, da lakarsa, har ya taka da ƙafarsa ya hau matakala.

Na san mai sauraro zai ce: ina ruwan manomin ƙauye da wannan, alhali kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ma aiki ne, ga wuta ba tabbas? Maganarsa tana kan hanya, domin dashen da ake fasa ƙoƙon kai, irin na Oskam, ya yi mana nisa, hular ma sai da ƙwararre. Sai dai abin da gwajin Tübingen ya tabbatar ba a sayar da shi: idan niyya ta haɗu da motsi, ƙwaƙwalwa na koyo. Shi ya sa likitan gashi ke ce wa majinyaci, “Baba, kai ma yunƙura, kada ka bar mini.” Jikan da ke miƙe wa kakansa yatsu safe da yamma, kakan yana kallo yana ƙoƙarin buɗewa da kansa, a kan wannan ƙa'ida yake aiki. Mai murza mai kawai, majinyacin na gyangyaɗi, ya bar rabin aikin.

Masu fargabar na'urar za ta tona asirin zuciya su kwantar da hankali: hular alamar yunƙurin motsi take kamawa, ba ta san abin da mutum ke saƙawa ba. Kada kuma a yaudari masu shan inna, domin su ƙwayoyin jijiyar da ke cikin laka ne suka lalace, wannan horo ba ya dawo da su.

Binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a Najeriya da Ghana, har da Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Don haka idan baki ya karkace ko hannu ya saki farat ɗaya, a garzaya asibiti a lokacin, kada a tsaya ana cewa iska ce ta taɓa shi, domin a watannin farko ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sabuwar hanya.