Gina Manhaja Mataki Bayan Mataki: Amfaninsa da Illarsa

A wannan mako shafin kimiyya zai yi bayani a kan wata hanya da masana kwamfuta ke bi idan za su ƙirƙiri manhaja. Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko waya domin ta yi wani aiki, kamar WhatsApp ko abin da ke cikin na'urar POS.

Sunan hanyar tsarin gangarar ruwa, domin ruwan da ya gangaro daga kan dutse ba ya komawa sama. Haka ma a nan, sai an gama mataki ɗaya ake shiga na gaba, kuma ba a komawa baya. A ce makarantarmu na son manhajar haɗa sakamakon jarabawa. Ga matakan da za a bi:

1. A tambayi malamai duk abin da suke buƙata, a rubuta.
2. A zana yadda manhajar za ta kasance.
3. A rubuta umarnin kwamfutar.
4. A gwada a ga ko tana aiki.
5. A miƙa wa makaranta, a riƙa kula da ita.

Wannan ya yi kama da ginin ɗaki. Magini ba ya ɗora rufi sai ya haƙa tushe ya ta da bango.

Amfaninsa

Na farko, kowa ya san aikinsa da ranar da zai gama. Na biyu, tun farko ana iya lissafa kuɗin da za a kashe. Na uku, komai a rubuce yake, ko da mai aikin ya yi tafiya wani zai ɗora daga inda ya tsaya.

Illarsa

Babbar illar ita ce masu amfani da manhajar ba sa ganin ta sai a ƙarshe. Idan a mataki na huɗu aka gano an manta da gurbin makin gwaji, sai an koma an warware aiki mai yawa. Kamar a gama shafe ne sannan mai ɗaki ya ce ƙofa ta koma gabas.

Illa ta biyu, buƙata tana canzawa ana tsakiyar aiki, kuma mu a nan mun ga haka. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Aka shafe watanni babu kira, babu intanet, masu POS suka rasa yadda za su yi. Da a lokacin ana cikin gina manhajarmu, kuma an rubuta a mataki na ɗaya cewa da intanet kawai za ta yi aiki, da an gama ta ba wanda zai iya tura maki ko ɗaya.

Tun a 1970 wani injiniya a Amurka mai suna Winston Royce ya zana waɗannan matakai, kuma shi da kansa ya yi gargaɗi cewa barin gwaji sai a ƙarshe yana da haɗari. A 2001 masana 17 suka taru a jihar Utah ta Amurka suka fito da wata hanya mai suna Agile. A cikinta ana gina ɗan ƙaramin sashe, a nuna wa masu shi, a gyara, sannan a ƙara wani.

To wanne ya fi? Idan an san abin da ake so sarai kuma ba zai canza ba, tsarin gangarar ruwa ya dace. Amma a wuri irin namu da wuta da sabis ba su da tabbas, gara a fara da aji ɗaya, malamin ajin ya gwada, ya faɗi abin da bai yi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayar mako: wane abu kuke ganin ya kamata a fara rubutawa a mataki na ɗaya na manhajar makarantarmu? Ku kawo amsa wurin 'yan ƙungiya kafin ranar Juma'a.